ƊAN TARIHI: MAI TSAWATA WA INJIN GAZUWAL

Duk wanda ya taɓa kai niƙa a Dogon Dutsi ko Tibiri ya san wannan: in an zuba hatsi sai injin ya yi nishi kamar zai mutu, can sai ya ɗauke ya koma daidai. To wa ya ƙara mishi mai, alhali mai niƙa bai taɓa komi ba?

Wani ɗan ƙarfe ne a ciki, masu faransanci na ce mishi régulateur. Wasu dunƙulen ƙarfe ne ke juyawa tare da injin. In gudu ya yi yawa sai su buɗe su rage gazuwal, in kaya ya danne shi sai su tsuke su ƙara. Wato injin yana sauraren kanshi, yana gyara kanshi.

Dabarar ta girmi injin gazuwal. James Watt ya sa ta ga injin tururi a 1788 a Ingila. A 1868 masani Maxwell ya yi lissafin abin da ke sa wani injin ya natsu, wani kuma ya dinga hawa da sauka. Rudolf Diesel bai tada injinshi mai aiki ba sai 1897 a Jamus. A 1927 kamfanin Bosch ya fara ƙera famfon gazuwal da yawa, a 1986 kuma ya fito da ƙwaƙwalwar lantarki mai auna gudu da zafi da iska, ta yanke yawan man da za a fesa.

Mu ma abin ya shafe mu. A watan Agusta 2023 da Najeriya ta yanke wa Nijar wuta, gurup-gurup na gazuwal suka taimaka ma asibitoci da gidajen rediyo. Gurup kuwa in gudunshi ya kauce, wutar ta lalace, kayan mutane su shiga hatsari.

Ga inda gizo ke saƙa: makanikanmu da kunne suka koyi injin, kuma sun iya. Amma sabbin kamiyo masu bin babbar hanyar Yamai zuwa Ƙonni, sai an jona musu kwamfuta kafin a san ciwonsu. In yaranmu na garaji ba su haɗa kunnen maigida da karatun na'ura ba, gyaran zai koma wani gari, kuɗin ma su bi shi.

Makanikai, me kuka gani? Muna saurarenku.