Daga Ƙararrawa Zuwa Na'ura a Wuyan Saniya

'Yar'uwa, idan kin taɓa kiwon ko da akuya ɗaya ce a tsakar gida, kin san dabba ba ta da bakin faɗin ciwonta. Sai dai ki gani a jikinta. Ranar da ta ƙi dusa, ta daina tuƙa, ta raɓe jikin garu, ba sai an gaya miki ba. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. To yau tarihin wannan idon nake so mu ɗan waiwaya, mu ga yadda ya kasance a ƙasashen da shanu suka yi wa masu su yawa, har ido ya kasa.

A can da, ko'ina a duniya makiyayi yana tafe ne tare da garkensa. Abin da ya fara rataya wa dabba a wuya shi ne ƙararrawa, don in ta shige duhuwa kunne ya nemo ta. Amma da Turawa suka buɗe manyan gandayen kiwo a yammacin Amurka da Ostireliya, sai lissafi ya canza. Ki ɗauki gandun Anna Creek da ke kudancin Ostireliya, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 15,000. Wace ƙararrawa za a ji a nan?

Dabara ta farko ita ce shinge. A 1874 wani manomi a jihar Ilinoi ta Amurka, Joseph Glidden, ya sami rajistar waya mai ƙaya, kafin ka ce kwabo ta mamaye dazuzzukan kiwo. A shekarun 1930 kuma Bill Gallagher na Niyu Zilan ya haɗa shinge mai lantarki. Shinge ya hana saniya ɓata, wannan gaskiya ne. Sai dai bai iya gaya wa mai ita ko ta ci ta ƙoshi, ko tana kwance rai a hannun Allah a bayan wani tudu ba. Akan yi kwanaki ba a gan ta ba, wani lokacin ma ungulu ne ke kai labari.

Nan ne masana suka koma kan abin da ni da ke muka sani tun fil'azal, wato halin dabba shi ne bakinta. Saniya mai lafiya takan kwashe wajen awa 8 a rana tana cin ciyawa, ta yi kusan wasu awa 8 ɗin tana tuƙa. In ɗayansu ya ragu, akwai magana. A 1977 wani bincike a Amurka ya nuna cewa saniyar da ke neman barbara takan ninka zirga-zirgarta har kusan sau 4. Daga nan aka shiga ɗaura wa shanun madara abin ƙirga taku a ƙafa, a shekarun 1980 har ya shiga kasuwa.

Na daji fa, waɗanda ba sa dawowa gida tatsa? Su sai da tauraron ɗan'adam ya shigo. Wajen ƙarshen shekarun 1990 masu bincike suka fara rataya musu abin wuya mai nuna inda suke. Da fari kuskurensa kan kai mita 100, domin sojan Amurka da gangan suke dagula saƙon. A watan Mayu na 2000 aka daina, awo ya daidaita. Wani masani, Derek Bailey, da ya bi shanu da irin wannan abin wuya a tsaunukan Montana, ya gano ashe su ma hali-hali ne: wasu masu hawa tudu su nemo ciyawa, wasu kuma 'yan zaman bakin rafi. Waɗannan na biyun su ne ke cinye gaɓar ruwa ƙarƙaf, su tattake ta, alhali ga ciyawa can sama tana bushewa a banza.

Daga baya aka ƙara wa abin wuyan na'urar jin motsi, irin wadda ke juya hoton wayarki in kin karkatar da ita. Ita ke bambance sunkuyon kiwo da tuƙa da tafiya da kwanciya, ta aika wa mai shanu a wayarsa. Har ta kai an yi shingen da ido ba ya gani. Mutum zai ja layi a taswirar waya, saniya na dosar wurin abin wuyan ya yi ƙara, in ta ƙi ji ya ɗan ja ta da lantarki. Cikin 'yan kwanaki ta gane, ƙarar kaɗai ta ishe ta. Kamfanin Nofence na Norwe, wanda aka kafa a 2011, da awaki ya fara. Halter na Niyu Zilan ya biyo baya a 2016, nasa abin wuyan da hasken rana yake caji.

To amma kada ki ɗauka an gama. Abin na da tsada, ga shi sai da hanyar sadarwa, kuma yakan faɗi ko batir ya mutu a tsakiyar daji. Uwa uba, iyakarsa ya ce saniya kaza ta rage tuƙa tun jiya. Ko ƙaya ce ta soke ta, ko kumburin ciki ne, ko naƙuda ce ta zo da gardama, wannan sai mutum ya taka ya je ya duba.

Shi ya sa ni kam, duk sa'ad da na bi wannan tarihi, darajar Bafulatanin da ya san kowace saniyarsa da suna da kama takan ƙaru a idona, haka ma ta matar da kan leƙa turken tumakinta kafin ta ɗora tukunyar koko. Shekara 150 ke nan tun waya mai ƙaya, ana ta zuba kuɗi da ilimi, duk don a maido wa mai dabba sanin da nisa ya raba shi da shi. Ke kuwa taki dabbar tana nan kusa da madafi. Gobe da safe, kafin ki zuba mata dusa, ki ɗan tsaya ki ga ko tana tuƙa.