Noti

noti (suna, namiji, jam'i: notoci). Aro ne daga Turanci. Ƙaramin ƙarfe mai rami a tsakiya da zare a ciki, wanda ake murzawa da sifana domin ya riƙe wani ƙarfen.

*Notin giya*: wanda ke ƙarshen sandar cikin akwatin giya, yana matse haƙoran giyar a mazauninsu. A akori-kura mai giyar hannu, lodi da girgizar hanya kan sassauta shi. Sai ka ji mota tana gurnani, giya tana fita da kanta, ko a sa ta mota ta ƙi ja. Makanikai sai sun tsiyaye man giya, sun buɗe murfin baya, su duba zaren. Idan ya cinye, ɗaurewa aikin banza ne, sai dai a aiki yaro kasuwa ya sayo sabon noti. Bayan an ɗaure akan dake bakinsa don kada ya sake juyawa. Mai gaggawa nan yake tsallakewa.

Misali: "Maigida, notin ne ya saki, kada ka ɗauko masarar Samaru yau."

Salon magana: *notin kansa ya kwance*, wato ya taɓu.