Fitacce

fitacce (sifa, mace: fitacciya, jam'i: fitattu, a bakin Sakkwatawa, hitacce). Wanda ya yi wa tsaransa zarra har samun irinsa ya yi wuya. Daga "fita" kalmar take, don haka ba ta tsayuwa sai akwai sa'o'in da aka tsere wa. Shi ya sa ake kiran Sardauna Ahmadu Bello, haifaffen Rabah, fitacce cikin 'yan siyasar Arewa, kuma ɗan kasuwa ya ɗaga tafarnuwar Wurno ya ce fitacciya ce. Wasu na ganin daidai take da "sananne", tunda ana jin "fitaccen ɗan fashi" a rediyo. A ganina kuskure ne, domin kalmar yabo ce. Wanda ya addabi ƙauyukan Goronyo da satar shanu, ƙasurgumi ake ce masa.