Ƙwayar Alkama a Gidajen Shaɗaranji

Masana lissafi na ƙasashen Musulmi sun daɗe suna juya wata tambaya a littattafansu: a sa ƙwayar alkama ɗaya a gidan farko na allon shaɗaranji, biyu a na biyu, huɗu a na uku, a yi ta ruɓanyawa har gida na 64, to nawa ne jimillar? Amsar ita ce 18,446,744,073,709,551,615, lamba mai alƙaluma 20. Al-Biruni ya rubuta ta daram a littafinsa Al-Athar al-Baƙiya wajen shekarar 1000. A ƙarni na 13 kuma Ibn Khallikan ya kawo labarin da ke tafe da ita a Wafayat al-A'yan: Sissa ɗan Dahir ya ƙago wasan, ya roƙi sarkin Indiya wannan alkama ta zama ladansa, sarki ya raina roƙon, sai masu lissafin fada suka ce alkamar duniya kaf ba za ta biya ba. A ganina wannan al'ada makaranta ce da aka koya wa hankali riƙe adadin da ido ba zai taɓa gani ba.

Hujjar tana cikin abin da Ibn Khallikan ya faɗa game da kansa. Bai gamsu da maganar ba sai da wani ma'aikacin lissafi na Iskandariyya ya warware masa ita a takarda. A gida na 16 ƙwayoyin sun kai 32,768, sai mutumin ya daina ƙirga ƙwaya, ya ɗauke su a matsayin ma'auni guda. Ya ci gaba da ruɓanya ma'aunin har ya zama rumbu, rumbuna suka taru suka zama birni a gida na 50, gidan ƙarshe ya tashi da birane 16,384. Dabarar ita ce sauya ma'auni duk lokacin da adadi ya fi ƙarfin tunani, kamar yadda ɗan kasuwar hatsi yake barin mudu ya koma lissafi da buhu.

Wani zai ce Sissa tatsuniya ne, kuma babu tabbacin wanda ya ƙago shaɗaranji. Gaskiya ne, amma raunin labarin bai taɓa lambar ba, duk mai haƙuri zai iya sake lissafa ta ya samu daidai. Wani kuma zai ce girma ne kawai gare ta. Nan ne na fi ƙin yarda, domin cikinta a tsare yake. Idan aka ninka 3, 5, 17, 257, 65,537 da 4,294,967,297 da juna, ita ce take fitowa. Biyar na farko ba sa rabuwa sai da 1 ko da kansu, kuma a 1640 Fermat, masanin Faransa, ya yi zaton ta shida da duk masu biyo ta a wannan jeri haka suke. Sai a 1732 Euler ya nuna cewa 641 tana raba ta ba saura, amsar kuwa 6,700,417. Wato lambar da Al-Biruni ya rubuta tana ɗauke da ainihin abin da ya rushe zaton Fermat. A yau ma ita ce adadi mafi girma da kwamfuta take iya ajiyewa a gurbi mai bit 64, domin kowane bit yana ruɓanya darajar wanda ya gabace shi.