Daga Kantabari Zuwa Dandalinmu: Tarihin Batsa da Sakaya Zance a Wasan Kwaikwayo

Gabatarwa

Duk malamin da ya taɓa shirya wasan kwaikwayo da ɗalibai a nan Mubi ya san inda gardama kan tsaya. Labari ya yi daɗi, amma akwai gurbin da ba mai iya furta shi a gaban iyaye da malamai. Wannan maƙala za ta waiwayi yadda Turawan Ingila da Hausawa suka fuskanci wannan matsala.

Labaran Chaucer

Geoffrey Chaucer, wanda ya rasu a 1400, ya rubuta labaran wasu matafiya masu zuwa ziyara Kantabari, kowa yana ba da nasa don rage nisan hanya. A cikinsu akwai na wani mai niƙa da ya yi tatil da giya. Labarin wani tsohon kafinta ne da ya auri yarinya 'yar shekara 18. Wani ɗalibi da ke haya a gidan ya ruɗe shi cewa ruwan ɗufana na tafe, tsohon ya rataye kwami a rufin ɗaki ya shige ya yi barci, ɗalibin kuwa ya kwana da matar. Ƙarshenta tsohon ya faɗo ya karye a hannu, maƙwabta suna ta dariya suna ce masa mahaukaci. Chaucer da kansa ya nemi uzuri, ya shawarci mai jin kunya da ya buɗe wani shafin.

Mai karatu na iya tsallake shafi, amma ɗan kallo ba shi da wannan dama. Tun daga 1737 akwai jami'in fada da ke tace wasanni a Ingila, ba a soke wannan doka ba sai a 1968. A wannan shekarar ce aka ɗora labaran a dandalin Landan cikin waƙa da kiɗa, bisa sabuwar fassarar Nevill Coghill ta 1951, aka yi ta nunawa fiye da sau 2,000.

Namu Gadon

Bahaushe ma bai rasa irin wannan raha ba, sai dai ya yi mata muhalli. 'Yan gambara sun shahara da sakin baki a kasuwa, abokan wasa kan yi wa juna ba'a, kuma a tatsuniyoyin da Frank Edgar ya buga tsakanin 1911 da 1913 akwai labaran kwartanci birjik. Da boko ya zo, sai littafi ya shiga aji, aka soma tankaɗe da rairaya.

A nan ne Abubakar Imam ya nuna gwaninta. Manazarta sun gano cewa wasu labaran Magana Jari Ce, wanda ya soma fitowa a 1937, sun samo asali daga Decameron na Boccaccio, mutumin Italiya da ya yi zamani da Chaucer, littafin da ke cike da labaran mata da samarinsu. Imam ya bar wayon da dariyar, ya sa wa zancen riga. Shi ya sa a shekarun 1980 gidan talabijin na NTA Kaduna ya iya mayar da littafin wasa, iyaye da 'ya'ya suka kalla tare.

Kammalawa

Abin da za mu tsinta shi ne, gishirin labarin kafintan yana cikin wautar tsohon da kishi ya rufe wa ido. Idan muka yanke kwartancin gaba ɗaya, faɗuwarsa ta rasa dalili. Idan muka zube shi tsirara, 'yan kallo su watse, hukumomi irin Hukumar Tace Finafinai ta Kano, wadda aka kafa a 2001, su sami hujja. Harshenmu yana da habaici da zaurance da karin magana, waɗanda babba zai ji ya murmusa, yaro ya wuce bai ankara ba. Mai hankali, in ji Hausawa, shi ke gane furfurar farar tunkiya. Ɗalibanmu masu rubuta wasa su koyi wannan fasaha kafin su ɗauki almakashi.