Gidan Makama: Gidan Sarautar da Turawa Suka Mayar Ofis

Duk ɗan Keffi da ya shiga Gidan Makama a birnin Kano, ya sani garinsu na cikin labarin wannan gini. A watan Oktoban 1902 Magajin Keffi, Ɗan Yamusa, ya kashe jami'in Ingila Kyaftin Maloni, ya nufi Kano, Sarki Alu kuwa ya karɓe shi hannu bibbiyu. Gwamna Lugga ya samu abin fakewa na kai wa Kano yaƙi. Ranar 3 ga Fabrairun 1903 sojojin Ingila suka ci birnin, kuma da yake ba su da ginin kansu, sai jami'an mulkin mallaka suka mayar da Gidan Makama ofis na wucin gadi.

Ba a gina shi don magatakarda ba. Tarihin Kano ya danganta shi da Muhammadu Rumfa, wanda ya zauna a ciki kafin ya hau gadon sarauta a 1463 ya gina fadar da har yau ake kira Gidan Rumfa. To me ya sa gidan ƙasa ya karɓi aikin ofis?

Amsar tana hannun magina. Da tubali suka tayar da bango, kauri a ƙasa, yana sirancewa in ya yi sama, shi ya sa ko a tsakiyar bazara cikin soro ke da sanyi. Rufin kuwa azarar giginya ce, itacen da gara ba ta cika yi wa illa ba. Amma azara ita kaɗai ba ta tsallake ɗaki mai faɗi. Sai magina su ɗaura ta gaɓa-gaɓa daga bango, kowace tana ɗan zarce ta ƙasanta, su lulluɓe da ƙasa har ta zama bakan gizo. In bakunan suka haɗu a tsakiya, an samu ɗaurin guga: zaure mai faɗi, babu ginshiƙin da zai tare wa mai shari'a fuskar mai ƙara. A ganina nan ne gwanintar take, ba a zankwayen da masu ɗaukar hoto suka fi so ba.

Daga baya an raba gidan uku: ɓangaren Makama, makarantar firamare, da gidan adana kayan tarihi na hukumar tarayya, inda aka ajiye tsofaffin ƙyamaren ƙofofin ganuwa.

Abokin gabar irin wannan gini ruwa ne. Da, kowace shekara ake gyara indararo kafin damina, a sake yaɓe, a shafa makuba da ake samu daga kwasfar ɗorawa. Yanzu siminti ake lafta wa tsofaffin soraye da yawa a cikin birni. Danshi ya maƙale a bayansa, bangon ya ruɓe daga ciki, ba a ankara sai ranar da ya zube.