Idan faifan sabar ya cika: yadda ake dubawa da faɗaɗa shi a Linux

Ba kasafai sabar ke mutuwa nan take ba idan faifan ajiyarta ya cika. Shafin intanet zai buɗe amma ya ƙi karɓar hoto, rumbun bayanai irin MySQL ya daina rubutu, saƙonnin imel su maƙale. Saƙon da Linux ke fitarwa shi ne "No space left on device", ko "Aucun espace disponible sur le périphérique" idan an saita injin da Faransanci.

Umarnin farko shi ne df -h. Yana nuna girman kowane tsarin fayil, abin da aka cinye da abin da ya rage. A tsarin ext4 lissafin ba ya cika daidai, domin ana keɓe kashi 5 cikin ɗari ga babban mai kula, wato root. A faifai mai gigabait 100, wajen gigabait 5 ke nan.

Wani lokaci df -h yana nuna sarari, rubutu kuma ya faskara. Nan sai a duba df -i. Kowane fayil yana cin gurbi ɗaya da ake kira inode, kuma a ext4 tun ranar tsara faifan ake ƙayyade yawansu. Tarin ƙananan fayiloli na iya cinye su tas alhali rabin faifan babu komai.

Kafin a biya kuɗin ƙarin wuri, gara a gano abin da ya cinye shi. Umarnin du -sh /var/* yana auna manyan jakunkuna, kuma sau da yawa /var/log ce mai laifi. Akwai wani tarko: idan an goge babban fayil alhali wata manhaja na riƙe da shi a buɗe, wurin ba ya dawowa sai an sake tayar da manhajar. Da lsof +L1 ake gano irinsu.

Idan ya tabbata faifan ne ya yi kaɗan, aikin hawa uku ne: faifan kansa, yankin da aka yanka a cikinsa, sannan tsarin fayil da ke kan yankin. Da yawa suna tsayawa a hawan farko. Kamfanin haya ya ƙara faifan daga gigabait 40 zuwa 80, lsblk ya nuna 80, df kuma yana nan a kan 40.

Ana faɗaɗa yanki da growpart /dev/sda 1, da tazara kafin lambar, kuma sai idan sararin yana biye da yankin kai tsaye. Daga nan df -T zai faɗi nau'in tsarin. Idan ext4 ne, resize2fs /dev/sda1. Idan XFS ne, wanda Red Hat ya mayar da shi zaɓin farko tun fitowa ta 7 a 2014, sai xfs_growfs /, domin shi wurin da aka maƙala tsarin ake ba shi. Duka biyun suna aiki ba tare da kashe sabar ba.

Mai amfani da LVM yana da ƙarin mataki: pvresize a kan yankin, sannan lvextend -r -l +100%FREE da sunan kundin. Harafin -r ne ke faɗaɗa tsarin fayil a lokaci guda.

Tsohon teburin yankuna na MBR ba ya wuce terabait 2 a faifai na yau da kullum. Fiye da haka sai GPT. Ƙari yana da sauƙi, ragi kuwa ba haka ba: ext4 sai an sauke shi daga aiki, XFS kuma a aikace ba a rage shi. Kafin taɓa teburin yankuna a kwafe bayanai zuwa wani injin, kuma idan sabar a ofis take inda wuta ke yawan ɗaukewa, a tabbatar batirin tallafi na da caji.